Yara sun iya rabawa, amma sun bar mutum shida a tasha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati a Rigasa, ina riƙe da aji biyar, yara 84. A wata bita da aka yi mana an ce mu riƙa koyar da lissafi a matsayin "modelin", mu rage dogaro da haddar ƙa'idoji. Gaskiya ban ga bambancinsa da lissafin labari da ke cikin littafi ba. Yarana in na rubuta musu 60 ÷ 18 za su yi, amma da na sa shi cikin labari sai su rikice. Mene ne wannan abu, kuma zai yiwu a aji irin nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da ladan aiki, riƙon yara 84 ba wasa ba ne.

Zai yiwu. Kuma bari in fara da wannan 60 ÷ 18 ɗin naki, domin na taɓa ba wa wani aji biyar shi a cikin labari, a wata makaranta nan cikin gari. Na rubuta a allo cewa yara 60 za su tashi daga tashar Kawo zuwa Zariya, kowace bas tana ɗaukar mutum 18, bas nawa za a ɗauko? Na zagaya ina leƙa littattafai. Mafi yawansu sun rubuta "3 saura 6", har da ja wa amsar layi biyu a ƙasa. Wasu sun rubuta 3 kawai. Na tsaya kan wani yaro da ya yi rabawarsa tsaf babu kuskure, na ce masa, "Waɗannan shidan fa?" Ya ce, "Malam, ai saura ne." Na ce, "Na ji. Yanzu suna ina?" Ya yi shiru yana kallon takardarsa, can ya ce, "Suna tasha." Aji ya kwashe da dariya. Wata yarinya daga baya ta ce sai a ƙaro mota ɗaya. Wani ya ce a'a, asarar kuɗi ce, a raba su bibbiyu a matsa, ƙananan a ɗora su a cinya. Wani kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, malaman da za su raka mu fa, suna cikin 60 ɗin?"

Abin da aka gaya muku a bita ke nan, wannan mintuna biyar ɗin da suka biyo bayan dariyar. A Hausa ni ina ce masa siffanta al'amari da lissafi. Akwai wani abu da ke faruwa a duniya, tafiya ce ko ciniki ko gini. Mutum ya dube shi ya zaɓi abin da ya shafi tambayarsa, ya ajiye wanda bai shafa ba, launin bas ɗin bai dame mu ba amma yawan kujerunta ya dame mu. Sai ya mayar da shi lambobi ya yi lissafi. Daga nan ya ɗauko abin da lissafin ya ba shi ya koma da shi wurin al'amarin ya ga ko ya zauna. In bai zauna ba, ya sake duba abin da ya ɗauka tun farko. Makarantunmu sun ƙware a tsakiyar aikin, wato yin lissafin kansa. Farkon da ƙarshen ne muke tsallakewa. Lissafin labari na littafi ya riga ya yi wa yaro zaɓin, ya ba shi lambobi biyu daidai wa daida, kuma ba ya tambayarsa ko amsar tana da ma'ana. Labarin riga ce kawai aka sa wa lissafin, yaro mai wayo ya san aikinsa ya tuɓe rigar ya jefar. Bambancin da kika tambaya ke nan.

Kada ki ɗauka matsalar yaran Rigasa ce. A wata jarrabawar auna ɗalibai ta ƙasa da aka yi a Amurka, wadda sakamakonta ya fito a 1983, an tambayi yara 'yan shekara 13 cewa sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas tana cin 36, bas nawa ake bukata. Kusan kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai. Amma kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", kashi 18 sun ce 31, kashi 23 ne kacal suka ce 32. Ta Faransa ma ta fi ban dariya. Wajen 1980 masu bincike a garin Grenoble suka ba ƙananan 'yan firamare wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Fiye da kashi uku cikin huɗu na yaran sun ba da amsa da lamba, galibi suka tara suka ce 36. Yaran nan ba wawaye ba ne. A waje da ka tambaye su haka da sun ce maka ina ruwan tumaki da shekarun mutum. A cikin aji kuwa sun riga sun koyi dokar da ba wanda ya taɓa rubuta ta a allo: kowace tambaya tana da amsa guda, amsar lamba ce, dole a yi amfani da duk lambobin da aka bayar, kuma hankalin gida a bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Mu ne muka koya musu wannan doka, da jan bironmu.

Ɗaya ɓangaren kuma kin san shi fiye da ni. A cikin yaranki akwai mai tallan awara da yamma, akwai mai tsare wa mahaifinsa tebur a kasuwa ranar Asabar, akwai wadda ake aika cefane. Yarinyar da ta kasa 1,000 − 350 a takarda, ba za ki ba ta dubu ki sayi kayan 350 ta yi miki kuskuren canji ba. Za ta ce hamsin ya cika ɗari huɗu, ga ɗari shida, shi ke nan. An auna wannan a garin Recife na ƙasar Burazil, a wani bincike da aka buga a 1985. Masu binciken suka je a matsayin masu saye wurin yara 'yan talla, yaran suka ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin da ciniki ya kawo. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda babu labari, sai suka faɗo kashi 37. Da aka sa lambobin cikin labari sun samu wajen kashi 74. Yara biyar ne kawai a binciken, saboda haka ba a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Bacci ya ga yadda yaro ke lissafin ragi da gyara ya san abin da suka gani gaskiya ne. Ki lura da wani abu a nan: su labari taimaka musu ya yi, alhali naki yaran labari ne ke rikita su. Ina zargin abu biyu, harshe da kuma irin labarin.

Harshe tukuna. Littafin da ke hannunki da Turanci yake. Yaron da bai gane jimlar ba ba shi da wata dabara illa ya tsinci lambobi ya yi caca da alama. Mu malamai kuma, don mu taimaka, sai mu ƙara dagula abin da koya musu kalmomin sirri, in ka ga kalmar da ke nufin "gaba ɗaya" ka tara, in ka ga mai nufin "saura" ka ɗebe, in ka ga "fi" ka ƙara. Gwada musu wannan ki gani: wani yaro yana da ƙwallayen goriba 8, ya fi ƙanensa da 3, nawa ne na ƙanen? Wanda ya haddace cewa "fi" tarawa ce zai ce 11, ya mayar da ƙane mai kuɗi. Ki daina koyar da waɗannan kalmomi kwata-kwata, wannan kam ba na jin nauyin faɗa. Abin da ya fi shi ne ki ba da labarin da baki da Hausa, ki sa yaro ɗaya ya maimaita shi da kalmominsa ba tare da ya ambaci ko lamba ɗaya ba, sannan a karanta na Turancin. In ajinki gauraye ne, akwai Gwari da Yarbawa da 'yan kudancin jiha, kin fi ni sanin cewa Hausar nan dai ita suke wasa da ita a waje. Yaron da ya iya faɗin abin da ke faruwa a labari ba tare da lamba ba ya yi rabin aikin.

Sai irin labarin. Ba sai kin yar da littafinki ba, kuma ba sai an ƙara miki darasi a jadawali ba. Kuɗi da awo da lokaci da nauyi duk suna cikin manhaja tuntuni. Gyara tambayoyin za ki yi.

Mafi sauƙin farawa shi ne lissafi ɗaya, labari da yawa. Ki rubuta 30 ÷ 4 a saman allo, kowa ya yarda 7 ne saura 2. Sai ki jero: mutum 30 za su shiga Keke Napep, kowane yana ɗaukar 4, keke nawa? Takwas. Tela yana da yadi 30, kowane kaftani da wando yana cin yadi 4, nawa zai ɗinka? Bakwai, ragowar yadi biyun sai dai a yi wa yaro riga. Lemo 30 za a raba wa mutum 4? Bakwai da rabi, domin lemo yana yankuwa. Awaki 30 fa tsakanin 'yan'uwa 4? Nan za ki ji muhawara, wani zai ce a sayar da biyun a raba kuɗin, wani ya ce a yanka a raba nama, wani ya ce a bar su su haihu. Rabawa ɗaya ta haifar da 8, da 7, da 7 da rabi, da kuma "ya danganta". In yaro ya ga wannan sau biyu ko uku, zai fara tsayawa bayan ya gama rabawa ya tambayi kansa me sauran nan yake nufi, kuma wannan tsayawar ita ake nema.

Bayan haka ki riƙa cusa tambayoyi masu tarko a tsakanin na yau da kullum, ba tare da kin sanar ba. A Beljiyam, a 1994, wani mai bincike, Verschaffel, da abokan aikinsa sun ba 'yan aji biyar irin waɗannan tambayoyi, kashi 17 cikin 100 ne kawai na amsoshin suka nuna yaro ya yi la'akari da yadda abin yake a zahiri. Ɗaya daga cikin tambayoyinsu ta katako ce, ga yadda nake ba da irinta a nan. Kafinta a Panteka ya sayi katako 4, kowanne ƙafa 12. Yana son gutsattsari masu ƙafa 5. Nawa zai samu? Ɗan boko zai ce 4 sau 12, 48, a raba da 5, tara saura 3. Ɗan kafinta zai ce takwas, domin kowane katako biyu yake bayarwa ya bar guntu mai ƙafa biyu, kuma ba a haɗa guntaye su zama katako. Ranar da na ba da wannan, yaron da ya ce takwas ba ya cikin goman farko a aji. Abokan bencinsa suka taso masa, shi kuma bai iya bayani ba, sai ya miƙe ya ɗauko karan dawa guda da muke nuni da shi, ya auna da tafin hannu, ya nuna inda zarto zai bi sau biyu, ya riƙe guntun da ya rage ya ce, "Wannan me za ka yi da shi?" Ba wanda ya sake magana.

Akwai kuma tarkon ninkawa, wanda ya fi kowanne kama yara, har da manya. Riga ɗaya tana bushewa a kan igiya cikin awa 2, riga 5 fa? Za su ce awa 10. Ki bar su su faɗa, sannan ki tambaya ko a gidansu sai riga ɗaya ta bushe ake shanya ta biyu. In kin yi sa'a wani zai tambaye ki da damina ne ko lokacin hunturu, wannan yaron ki ba shi maki. Haka farashi. Littafi yana ɗauka in mudu ɗaya kaza ne, mudu arba'in ninki arba'in ne, alhali kowace yarinya ta san mai sayen buhu ba ya biyan farashin mai awo, kuma mudun ma akwai wanda aka tula akwai wanda aka shafe wa baki. Ba cewa nake ninkawa ƙarya ce ba. Ninkawa tana aiki ne in an yarda kowane mudu daidai yake da ɗan'uwansa kuma babu ragi. Abin da muke so yaro ya iya faɗin wannan sharaɗin da bakinsa: "in dai babu ragi, kaza ne."

Amma inda gizo ke saƙar shi ne babbar tambaya, wadda ba a ba da lambobi a cikinta ba sam. Wannan sau ɗaya a mako ya isa, ko sau ɗaya a mako biyu, kuma tana cin darasi guda cur. Wadda na fi so ita ce ta ruwa, domin babu yaron Kaduna da bai san mai ruwa da kurarsa ba. Ki ce: ga wani gida mai mutum 8, famfo ya ɗauke mako guda, jarka nawa za su saya? Kada ki ce kowa ya yi na gidansu. Na taɓa yin wannan kuskure, sai darasin ya koma tonon asirin wa ke wanka kullum wa ba ya yi. Gidan ƙirƙira ya fi.

Da farko za su zuba miki ido, wani ya ce, "Malama, ba ki ba mu lambobin ba." Ki ce su za su nemo. Kowane benci ya zama ƙungiya, takarda ɗaya, mai rubutu ɗaya. Da yara 84 kina da ƙungiya wajen ashirin, ba za ki saurari kowacce ba kuma ba a bukata. Ki zagaya minti goma sha biyar ki tsinci uku da suka sha bamban. A ajin da na yi wannan, wani benci ya ce jarka 21, uku kullum. Wani ya ce 560, sun ba kowane mutum jarka 10 a rana suka ninka da 8 suka ninka da 7, kuma ninkawar babu kuskure ko ɗaya. Na uku suka bi abin dalla-dalla: wanka rabin jarka kowa, 4 ke nan; sha da girki 2; wanke-wanke 1; alwala da bayi 2; jimla 9 a rana, 63 a mako; suka ƙara 5 na wankin Asabar, 68. Na rubuta ukun a allo ban ce komai ba, sai na tambaya in kura tana ɗaukar jarka 10, sawu nawa mai ruwa zai yi wa kowane gida. Masu 560 da kansu suka lissafa, sawu 56, takwas kullum. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai, wannan sai dai gidan wanka." Suka koma suka rage. Masu 21 kuma wata yarinya ta tambaye su da me za a yi wankin kayan makaranta. Masu 68 ma ba su tsira ba, aka ce musu in akwai jariri a gidan wankinsa kullum ne, kuma 68 sawu bakwai ne, jarka biyu za su yi rara.

Aikin gida a ranar shi ne kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko lissafin ajin ya yi kusa da gaskiya. Wannan shi ne komawa wurin al'amari, kuma shi ne matakin da ba za ki taɓa samu a littafi ba. Ki ƙirga abin da suka yi a darasin nan guda: rabi, tarawa, ninkawa, rabawa da saura, kintace. Ba ki rasa komai daga manhaja ba.

Kayan aiki ba sa bukatar kuɗi. Murafen lemon kwalba, tsakuwa, kara, igiya, jarka ɗaya da bokiti. Tsakanin taɓa abu da hannu da rubuta lamba akwai zane, kuma shi muke yawan tsallakewa. Singafo ta yi suna da wannan tun shekarun 1980, suna sa yara su zana sanda mai tsawo a madadin kowane adadi. A tambayar goriba, yaro ya zana sandar wan mai 8, ya zana ta ƙanen a ƙasa ta gaza da 3, ba sai an gaya masa ɗebewa ce ba, ido ya gani. Alli ya isa.

Yanzu ga inda na saba da wasu masu ba da bita. Akwai masu magana kamar hadda laifi ce. Ni ban yarda ba. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 9 ba zai samu sararin tunanin wankin Asabar ba, duk hankalinsa ya ƙare a ninkawa. Ki ci gaba da haddar sau, minti biyar kullum da safe, da waƙa in kina so. Hans Freudenthal, masanin lissafi Bajamushen asali da ya yi aikinsa a Holan, wanda ya fi kowa kare ra'ayin a faro lissafi daga abin da yaro ya sani, bai ce a tsaya a kasuwa ba. Manufar ita ce a taso daga can a iso ga lamba da ƙa'ida, domin dabarar 'yar talla tana da iyaka, tana aiki a canjin dubu amma ba za ta kai ta lissafin bulo na gini ko kason ruwan bashi ba. Haka kuma sa sunan Musa da Ladi a tambaya bai mayar da ita ta zahiri ba. In littafi ya ce wani ya sayi kankana 75 ya ci 40, wannan ba rayuwa ba ce, gara ma a ba yaro lambobin tsirara.

Maganar maki ita ce za ta tabbatar ko ta rushe duk abin nan. In kin yi darasin ruwa ranar Laraba, ranar Juma'a kuma kika ba "3 saura 6" cikakken maki, yara za su gane Laraba wasa ce. Ni ina raba makin tambaya gida uku: na zaɓen lissafin da ya dace, na yin sa daidai, da na amsa cikin cikakkiyar jimla mai ɗauke da sunan abin, "za a ɗauko bas 4". Yaron da ya rubuta "bas 3, in za a matsa a ɗora mutum 20 a kowacce" ya ci duka a wurina, domin ya faɗi sharaɗinsa kuma lissafinsa ya tsaya, ko da yake zan ce masa jami'an kiyaye haɗurra ba za su yarda ba. Da yara 84 ba za ki yi wa kowace tambaya haka ba. Ɗaya a kowane gwaji ta wadatar.

Za ki ce jarrabawar shiga sakandare fa, wadda zaɓi ne tsakanin amsoshi? Ba zan yi miki alkawarin maki zai tashi cikin zango ɗaya ba. Abin da na gani shi ne yaron da ya saba tambayar kansa ko amsa ta yi kama da gaskiya yana saurin watsar da zaɓi biyu tun kafin ya taɓa biro, kuma ba ya rubuta cewa tsawon ɗaki mita 400 ne. Sai dai ki gaya musu gaskiya cewa a zauren jarrabawa in tambaya ta ce mudu kaza ne, a ɗauka babu ragi a wuce. Sanin lokacin da ake sauƙaƙa al'amari shi ma ɓangare ne na aikin.

Abu mafi wuya ba yaran ba ne, mu ne. Waɗancan masu binciken na Beljiyam sun ba ɗaliban kwalejin horon malamai irin tambayoyin nan masu tarko, kusan rabin amsoshinsu ne kawai suka yi la'akari da zahiri. Mu ma a tsarin nan muka taso. Ga kuma tsoro. Tun jarrabawar da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda aka ce 21,780 daga cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, ina ganin malami da yawa ba ya son a gan shi a gaban allo da tambayar da bai riƙe amsarta a aljihu ba. Na fahimci wannan. Amma a darasin ruwa babu amsa a aljihun kowa, kuma in yaro ya kawo abin da ba ki yi tunaninsa ba, ki ce, "Ban yi wannan tunanin ba, mu duba." Girmanki ba zai ragu ba. In hedimasta ko mai duba makarantu ya shigo ya tarar da hayaniya, ki nuna masa takardun bencin, lissafi yana nan a rubuce.

Kuma kada ki bari a sa ki ji kamar baƙon abu ne aka kawo daga Turai. Littafin masanin lissafi Alkhawarizmi na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kaso mai yawa na cikinsa matsalolin gado da wasiyya ne da ciniki da awon ƙasa. Duk wanda ya zauna gaban malamin fara'ili ya san mas'alar da mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. A tara, uku cikin shida da huɗu cikin shida, bakwai cikin shida, ya fi dukiyar yawa. Lissafi ya yi daidai amma bai zauna a kan al'amari ba, ba a raba abin da babu. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da auli, aka mayar da asalin rabon bakwai, miji ya ɗauki uku, su huɗu, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Ba na ce ki kai wa 'yan aji biyar wannan ba. Na kawo shi ne don ki ga malaman zaure sun daɗe suna dawo da lamba wurin al'amari su ga ko ta zauna.

Ranar Litinin, kafin ki canza komai, ki yi wannan. Ki ba su tambayoyi huɗu na yau da kullum, ki sa ta biyar a tsakiyarsu: wani makiyayi yana da tumaki 26 da awaki 10, shekarunsa nawa? Ki karanta ta da Hausa don kada a ce Turanci ne, kada ki yi murmushi, kada ki ba da alama. Ki ƙirga masu 36, da masu 16, da waɗanda suka bar wurin fili, da wanda ya yi ƙarfin halin rubuta cewa ba za a iya sani ba. Ki ajiye takardun a durowa. Ƙarshen zango ki sake ba su wata irinta da wani labarin, misali direba mai fasinja 14 da buhu 9, ki ƙirga ki kwatanta.